Tsuntsun Ƙasan Allo

Ni ne Sallau, mai fenti a bakin tasha,
shekara ashirin da biyu hannuna na warin kananzir.
Duk allon kwangilar da ka gani daga Daura zuwa hanyar Zango,
duba ƙasa, kusurwar dama,
akwai ɗan tsuntsun da nake sawa a madadin suna.

Na gina asibiti a wuni ɗaya.
Na shimfiɗa kwalta kilomita tara
kafin shayina ya huce.
Galan ɗin kore, galan ɗin fari, tsohon buroshi,
ba injiniyan da ya kai ni sauri.

Rijiyar burtsatsen Tsamiyar Barmo,
sau uku na haƙa ta.
Ta farko, ciyaman ya ce in ƙara girman sunansa.
Ta biyu, kantoman riƙo ya ce kar in sayi sabon ƙarfe,
in shafe na wancan, in hau kai.
Ta uku ko ofis ba a kira ni ba,
yaron kansila ya kawo takarda a ninke
da dubu bakwai, ya zare ɗaya, ya ce na mai ne.

Kankare allon da farce,
za ka iske shugabanni uku a kwance, wani kan wani,
kowa da miliyoyinsa,
ƙarƙashinsu ko tsakuwa ba a ɗaga ba.

Ranar da na je kafa na ukun
Iya Marka ta sauke jarka, ta tsaya a kaina.
Ta ce in karanta mata.
Na karanta: an kammala.
Ta ce, "To ɗan nan, matso min da allon in tara."
Mata suka fashe da dariya.
Ni na duƙa ina neman murfin gwangwanin da ke hannuna.
Ruwan jarkarta kamar kunun kanwa,
daga tafkin da shanu ke shiga har gwiwa.

An ce macijin garin nan na da
yakan bari a ɗiba ranar Juma'a.
Na yanzu ba shi da Juma'a.
Yana da hatimi, da jan biro, da direba,
ni kuwa nake yi masa zanen fata.

Na ce ai ni ɗan aike ne, abin da aka ba ni na rubuta.
Akawu ma haka ya ce. Mai binciken kuɗi ma.
Muka wanke hannu a kwano ɗaya,
muka aika wa ƙauye ruwan ya sha.

Bana aka kawo sabuwar ma'aji, Hansatu,
gajera, ba ta dariya da wuri.
Ta nuna min katangar sakatariya, ta waje, mai kallon titi.
"Rubuta abin da ya shigo watan nan, da inda ya tafi.
Har kuɗin fentinka."
Na ce, sunan wa a sama?
Ta ce ba suna.

Wallahi hannuna ya yi rawa.
Sifilin da na saba jerawa kamar ƙwan zabi,
ranar sai da na ƙirga sau biyu,
don 'yan acaɓa sun kashe babura,
wani malamin firamare na bayana yana lissafi a tafin hannu.

Da dare aka watsa wa katangar baƙin mai.
Da safe ta aiko: akwai sauran fari?
Akwai.

An ce ba za ta kai damina a kujerar ba.
Mai yiwuwa.
Tsamiyar Barmo har yau ba ruwa.
Amma jiya Iya Marka ta biyo motar kasuwa
da jikanta ɗan aji biyar.
Ya karanta mata layi na shida, kuɗin rijiya.
Ta ce ya maimaita.
Sai ta gyara mayafi,
ta tambayi maigadi wace ce ƙofar ciyaman.

A ƙasan wannan katangar ban zana tsuntsu ba.
Na rubuta Sallau.